Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aikin Mai Miƙa Kaya a Tiyatar Afendis ta Kyamara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda aka mayar da ni ɗakin tiyata a nan Kumasi. Masu karatu daga Aboabo da Asawase sun yi ta tambaya: tunda ba mai miƙa kaya ke yanka ba, mene ne aikinsa? Yau zan jingine labari in shimfiɗa aikin kansa, da misalin cire afendis (wata 'yar wutsiya da ke jikin babban hanji) ta ƙananan huji, hanyar da likitan Jamus Kurt Semm ya fara a 1980.

A tiyatar buɗe ciki, likita na ganin hannunsa. A wannan kuwa idonsa na kan allo daga farko har ƙarshe. Hannu kawai zai miƙo, ba zai waiwayo ba. Don haka dole mai miƙa kaya shi ma ya iya karanta allon, ya san abin da za a nema kafin a buɗe baki.

Rabin aikin ana gama shi ne tun mara lafiya bai shigo ba. A tabbatar tukunyar iskar kabon ta cika, akwai wata a gefe. A ɗaga madubin leƙen ciki, mai kusurwar digiri 30, a duba shi a haske ko ya tsage. A bi jikin kowane dogon hantsaki da yatsa, domin baƙar robar da ke lulluɓe da shi in ta ɓare, wutar ƙona jijiya za ta tsallaka ta taɓa hanji a inda kyamara ba ta kallo, kuma sai bayan kwanaki ciwon zai bayyana. Kayan da aka jiƙa a ruwan Cidex mai kashe ƙwayoyin cuta sai an ɗauraye su sosai da ruwa mai tsabta na tiyata, don ragowarsa na ƙona nama. Tiren buɗe ciki kuma ya kwana a ɗakin a shirye. Wannan ba na sassauci a kansa, ko likita ya ce aikin minti talatin ne. Sannan a ƙirga auduga da allurai da reza tare da nas ɗin da ke zagaye, da murya, a rubuta.

Idan barci ya ɗauki mara lafiya, ana zubar da fitsarin mafitsara, saboda huji ɗaya na zuwa kusa da ita. Likita da mai riƙe kyamara suna tsayawa hagu, allo na dama. Za ka miƙa reza lamba 11 a cikin tasa, ba hannu da hannu ba. A cibiya ake huji na farko, a sa bututu mai faɗin milimita 10, a hura ciki da iska har awon matsin iskar ya kai 12 zuwa 15. Sauran biyu na milimita 5 ne: ɗaya a mara, ɗaya a ƙasan ciki ta hagu. Sai a sunkuyar da gado ta wajen kai, a karkata shi hagu, ƙaramin hanji ya zame ya ba da wuri.

Abu biyu ke yawan ɓata wannan matakin. Madubi mai sanyi in ya shiga ciki mai ɗumi sai ya yi hazo, kamar gilashin motar haya, trotro, da sanyin asuba. Maganinsa ruwan gishiri mai ɗumi a kofi kusa da kai. Na biyu ya fi haɗari: bakin wayar haske na da zafin da zai huda ƙyalle ya ƙone fata cikin ɗan lokaci, don haka ba a kunna ta sai an haɗa ta da madubi.

Daga nan likita zai kama afendis da hantsaki mara haƙori, ya bi kitsen da ke riƙe da shi, inda jijiyar jininsa take, ya ƙone ta ko ya matse da ƙaramin maƙalin ƙarfe. In jini ya ɓalle, allo na yin duhu nan take domin jini na shanye haske. Kada ka jira umarni, tiyon zuƙa ya riga ya isa tafin likita. Gindin afendis ana ɗaure shi da zaren zarge, Endoloop: biyu a ƙasa, ɗaya a sama, a yanke tsakani. Kututturen da za a bari kada ya wuce milimita 5, in ya yi tsawo yana iya sake kumbura wata rana. A jaka ake fito da afendis ta hujin cibiya, don kada ya shafi bakin rauni, kada kuma ɗan dunƙulen kashin da ya toshe shi ya faɗa ciki ya tara mugunya. Almakashin da ya yanke shi ya ƙazantu, a ware shi.

Bari in ratsa da magana ga mutanenmu na zango. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan dama, da amai da zazzaɓi, ba na jiƙo ba ne, ba na maganin kemis ba ne. Sau da yawa sai ya fashe ake kawo mutum Gee, wato asibitin Komfo Anokye, kuma wani lokaci in aka leƙa sai a tarar taifot ce ta huda hanji. A irin haka ne likita kan ce a buɗe, tiren nan da aka ajiye ya yi rana. Don Allah ku riƙa zuwa da wuri.

A ƙarshe ana zare ƙananan bututu kyamara na kallo, ko bangon ciki na ɗigar jini, a saki iska gwargwadon iko, tunda ragowarta ce ke sa ciwon kafaɗa washegari. Hujin cibiya sai an ɗinke farin naman ƙarƙashinsa da zaren Vicryl mai kauri, in ba haka ba hanji na iya turowa daga baya. A sake ƙirga kaya, lissafi ya dace da na farko kafin a rufe fata. Afendis ya shiga kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, da suna da lambar mara lafiya, a kai ɗakin gwaji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga wankin waɗannan kaya, da abin da ake yi in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki.