Ga 'yan matan Bauchi masu son tanis ya zama sana'arsu

Ƙannena mata masu riƙe raket a Bauchi, da iyayen da ke kawo su fili bayan la'asar: mu da muka riga ku shiga wannan wasa mun tafka kurakurai, kuma kusan dukkansu an yi su ne kafin yarinya ta cika shekara 14. Gaggawa ce uwarsu. Muna ɗokin ganin kofi a hannu, sai muka tsallake abubuwan da ba sa burge kowa.

Mafi girmansu riƙon raket wajen sabis. Mun bar yara suna kama raket kamar mafici, fuskarta na kallon raga, domin da wannan riƙo ƙwallo ta fi saurin faɗawa cikin akwatin sabis. A gasar 'yan shekara 10 ko 12 yana cin wasa, kowa na tafi. Amma ba ya barin dantse ya juya, ƙwallo ba ta samun juyi, sabis na biyu ya koma turi kawai, wanda duk 'yar wasa mai ƙarfi za ta tako ciki ta maka. Riƙon da ya dace shi ne kwantinental. Ki kama ƙotar kamar za ki sari itace da gefen raket. Ƙotar tana da fuska takwas. In ke badama ce, gindin yatsanki manuni ya zauna a fuska ta biyu in kin ƙirga daga sama zuwa dama. Watannin farko ƙwallo za ta yi ta kaucewa, za ki zubar da wasannin da a da kike ci, wata ran har da hawaye. Ki daure. Gyaran da ake yi cikin 'yan watanni a shekara 10, a shekara 16 yana iya cin shekara guda, wasu ma hannunsu ba ya taɓa karɓa.

Ƙwallo ma mun yi mata riƙon sakainar kashi. Duk wadda manya suka gama da ita muke miƙa wa yara. Ƙwallon manya a kan siminti tana tashi sama da kan yarinya 'yar shekara 8, dole ta murɗe riƙonta don ta cim mata, nan hannu ke lalacewa. Akwai ƙwallayen koyo: ja ga ƙanana, a fili mai tsawon mita 11; mai ruwan lemo a mita 18; sannan mai ɗigon kore a cikakken fili na mita 23.77. Raket kuma ta bi tsayin yarinya, inci 21, 23, 25, kafin ta kai 27 ta manya. Tsirkiya ki sa ta nailan mai laushi, a ja ta kilo 22 zuwa 24. Ta foliyesta da ƙwararru ke sawa tana da tauri, kuma ƙarfinta kan mutu tun ba ta tsinke ba, sai gwiwar hannu ta ɗauki dukan. Kada ki bar raket a but ɗin mota da rana. Takalmin gudu ba na tanis ba ne, ba ya riƙe ƙafa in an yi gefe, shi ke kawo targaɗe. Da hunturu kuwa a share fili kafin a fara, ƙurar da ke kwanciya a kan siminti santsi gare ta.

Sai jiki. A Maris da Afrilu zafin Bauchi kan kai digiri 40, siminti kuma ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Mun ɗauka tsayar da yara a ranar tsaka shi ne koya musu juriya, alhali gajiyar da su kawai muke yi. Atisaye mai nauyi daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Ki hau sikeli kafin ki shiga fili da bayan kin fito: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, ki mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, da ɗan ruwan gishiri da sukari. Da azumi a mayar da aiki mai wuya bayan buɗa baki.

Akwai abin da kunya ta hana mu tambaya, kuma bai kamata ba. Yarinyar da ta fara al'ada tana asarar jini duk wata. In kin ga kina haki tun zagayen farko, kina jin jiri, cikin idonki ya yi fari, ba lalaci ba ne, ki je a auna jininki. Hanta, nama, wake, zogale da alayyahu su yawaita a kwanonki, kuma ki raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. In al'ada ta ɗauke wata uku alhali kina atisaye mai tsanani, alama ce abincin bai kai aikin ba, ƙashi kan yi rauni har ya tsage. Ki gaya wa mahaifiyarki, ku ga likita.

Takardu: kada a rage miki shekara. An yi ta yi, ana ganin wayo ne. Wadda ta saba doke ƙannenta ba ta koyon komai, ran da ta haɗu da sa'o'inta sai asiri ya tonu. Kwanan haihuwarki ya zama ɗaya a takardar haihuwa, NIN, fasfo da takardun makaranta, domin da shi za ki yi rajistar lambar IPIN ta hukumar tanis ta duniya, ITF, wadda babu shiga gasarta sai da ita.

Tsanin kuwa dogo ne, ki san shi tun yanzu. Ana farawa da gasannin yara na cikin gida, sannan na manya irin gasar Dala ta Kano da ta Babban Bankin Najeriya, CBN. Gasannin matasa na ITF ana shiga daga shekara 13 zuwa 18, matakinsu daga J30 har J500. Na ƙwararru ba a shiga ƙasa da shekara 14, kuma dokar WTA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis mata, ta ƙayyade yawan gasa a shekara: gasa 8 ga 'yar 14, 10 ga 'yar 15, 12 ga 'yar 16, 16 ga 'yar 17. Matakin ƙasa shi ne W15, inda duka kuɗin gasar dala 15,000 ne a raba wa kowa. Wadda ta lashe tana samun dala dubu biyu da 'yan ɗari, wadda aka fitar a zagayen farko ba ta kai dala 200 ba. Ki ɗora wannan a kan tikitin jirgi zuwa Monastir ta Tunisiya ko Sharm el-Sheikh ta Masar, inda ake yawan yin irin gasannin nan, da masauki da abinci da ɗaurin tsirkiya, za ki ga shekarun farko kashewa ake yi, ba samu ba. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci kofin matasa na babbar gasar French Open ta Faransa a 2011, amma kofinta na farko a WTA sai 2021, sannan ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023. Shekara goma ke nan tsakanin kofunan biyu, ga mai baiwa irin tata.

Shi ya sa cire yarinya daga aji saboda gasa ya fi kowane kuskurenmu ciwo. Mayar Sherif, Bamisiriya ta farko da ta ci kofin WTA, a Parma ta Italiya a 2022, sai da ta bi ta jami'a a Amurka tana wasa tana karatu. Wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai da sakamakon WAEC ko NECO mai kyau da Turanci mai ƙwari.

Maganar sutura da ke damun iyaye tana da sauƙi. Tun 2019 WTA ta amince a yi wasa da dogon wando mai kama jiki, doguwar riga mai hannu kuma ba ta hana bugu in yadin mara nauyi ne. Abin da ya fi sutura muhimmanci shi ne rakiya. Yarinya ba ta tafiya gasa daga ita sai koci, komai amincinsa. Uwa, yaya ko goggo ta bi ta, fasfo da kuɗin hanya su zauna a hannun mai rakiya.

Kemis kuma ki yi hattara da shi. Tun 1 ga Janairu 2024 tiramadol yana cikin magungunan da aka haramta a lokacin gasa, wasu magungunan mura ma na ɗauke da sinadaran da aka ƙayyade. A dokar gwaji, abin da aka samu a fitsarinki ke ce da alhakinsa, ko wa ya ba ki. An dakatar da fitacciyar 'yar tanis Maria Sharapova wata 15 kan maganin da ta shekara goma tana sha, wanda aka shigar jerin haramtattu a farkon 2016. Duk ƙwaya, allura ko jiƙon da aka ba ki, ki rubuta sunansa da rana a ɗan littafi, ki ajiye kwalin, ki nuna wa likita ya duba jerin wannan shekarar kafin ki haɗiya.