Godiya Bayan Komawata Bakin Aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillah, na koma bakin aiki. Ga waɗanda ba su ji bayani ba, toshewar jijiyoyin zuciya ce ta kwantar da ni. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa tsokar zuciya jini har hanyar ta ƙuntata. Ni dai da nauyin ƙirji ya zo mini, yana sauka hannun hagu da muƙamuƙi idan na hau bene. Bayan gwajin bugun zuciya da ake kira ECG da hoton jijiyoyi, likitoci suka bi ta jijiyar wuyan hannu suka buɗe wurin, suka sa ɗan ƙarfen raga da ake kira sitent don kada ya sake rufewa.

Likitoci, ma'aikatan jinya da masu koya mana motsa jiki, Allah Ya saka muku da alheri. Ku kuka cire mini tsoron tafiya, kuka ja ni a hankali zuwa motsa jiki na minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara.

Uwargida, ke ce kike tsaye kan asfirin da ɗaya maganin hana daskarewar jini, tun da likita ya ce kada in tsallake ko na rana ɗaya har wata 12. Allah Ya bar zumunci.

Amma godiyata mafi yawa ta wurin aiki ce. Shugabanmu, ranka ya daɗe, ka yarda na fara da rabin yini, ka ɗauke mini aikin dare da ɗaukar kaya masu nauyi, ba tare da ka sa na ji na zama nauyi ba. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali da ke kwana da fargabar rasa abin yi. Abokan aiki kuma kun tambayi inda nake ajiye maganin fesawa ƙarƙashin harshe, kun riƙe cewa idan ciwon ƙirji bai lafa ba minti 5 bayan na fesa shi, asibiti za a nufa nan take, ba jira. Sanin haka ya sa nake zama kan kujerata da natsuwa. Roƙona kawai, ku ci gaba da ba ni aikina, zan faɗa da kaina in na gaji.

Waɗanda suka kira ko suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, duk sun iso. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.