Waƙafi ɗaya a cikin farashi

Duk mai haɗa manhaja don 'yan kasuwarmu na Mile 12 ko Agege, don Allah ya kula da yadda yake karɓar farashi. Abin da mutum ya danna a waya rubutu ne kawai, sai ka juya shi zuwa lamba kafin kwamfuta ta yi lissafi, to a wajen juyawar nan ake tafka ɓarna.

Mai tumatir zai rubuta 1,500.50 yadda ya saba gani a alat ɗin banki. Ka miƙa wa parseFloat, mai juya rubutu zuwa lamba a yaren manhaja na JavaScript, tana isa kan waƙafin sai ta tsaya ta ba ka 1, ko ƙorafi babu, naira ɗaya fa! Gara ma yaren Python, float ɗinta mai irin wannan aikin za ta jefo saƙon kuskure na ValueError ka san da matsala. Kuma kar ka ce bari in goge duk waƙafi shi kenan, kwastoma daga Kwatano ko Yamai tsarin Faransa ya koya, a wurinsa 12,5 sha biyu da rabi ne, kana gogewa ya zama 125. Ni dai na fi son manhajar ta nuna wa mutum abin da ta fahimta, ya tabbatar tukuna.

Ko an juya daidai ma, float, wato nau'in lamba mai ɗigo a kwamfuta, na bin ƙa'idar IEEE 754 wadda ke ajiye irin su 0.1 da kusantawa kawai, shi ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Kuɗin nan gumin mutane ne wallahi, a ajiye shi a kobo a matsayin cikakkiyar lamba, ko a miƙa wa Decimal (nau'in lamba na Python mai riƙe ɗigo daidai) rubutun kai tsaye.