Waken Inna da maganin hana ciyawa tsiro

Jiya bayan la'asar na biya wani shagon maganin feshi a nan cikin Daura zan sayi bakin famfo, sai na iske wani matashi yana cewa mai shago ya ba shi "wanda ke hana ciyawa fitowa gaba ɗaya, wanda in ka fesa shikenan ba kai ba noma". Mai shago ya juya ya ɗauko mishi atarazin, ya fara lissafin kuɗi. Ni dai kasa yin shiru na yi, na ce ƙanena dan Allah me za ka shuka a gonar? Ya ce gero ne, sai wake da za a sa daga baya in ruwa ya zauna. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni kenan damina uku da suka wuce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun ruwa bai sauka ba.

Gonarmu ta bayan gari tun ina yaro Baba ke zuba mata takin gida, don haka tana ɗaukar dawa har da 'yar masara a gefen da ya fi kwari. Inda taki ya ji kuwa kowa ya san ciyawa ma nan ta fi ji. Gude-gude, harƙiya, ƙarangiya, kashin yawo, zaki-banza, kafin ka gama firi a wannan kusurwa waccan ta rufe. Kuɗin 'yan ƙwadago kuma kullum sama yake yi, gayya ta ja baya, samarin da za su kama maka fartanya wasu suna kabu-kabu wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. To a shekarar ne wani abokina da ke noman masara wajen Funtua ya turo min hoton gonarsa, sati biyar da shuka amma tsakanin kunya da kunya fes kamar an share tsakar gida. Ya ce ai magani ne, ana gama shuka ake fesawa a kan ƙasa tun ba a ga ko tsinke ba. Na ce to ni ma bana na huta.

Na sayi atarazin, na fesa washegarin shuka. Kuma gaskiya ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Dawa ta fito lafiya, ciyawa mai faɗin ganye ko ɗaya, 'yar gude-gude ce kawai nan da can. Mutane na wucewa suna tambaya wa ya yi maka firi da wuri haka. Bayan kamar sati uku Inna ta fito da irin wakenta da take ajiyewa cikin toka a tulu, farin wake mai yaɗo, shi take sayar da harawarsa da rani ta yi hidimar gabanta, ƙannena suka bi tsakanin dawa suka shuka kamar yadda ake yi kowace shekara. Wake ya tsiro gwanin sha'awa, ya buɗe ganye biyun farko, har ya fara na uku. Daga nan sai na ga gefen ganyen ya fara zama ruwan ɗorawa, kamar an zagaye shi da ruwan lalle, tsakiyar na nan kore amma baki-bakin ya fara bushewa. Na ɗauka rashin ruwa ne don an yi kwana goma sha ba a samu ko yayyafi ba. Ruwa ya dawo, sai abin ya ƙara muni. Cikin sati ɗaya in ka kama ganyen sai ya marmashe a hannunka. Inna ta je gonar da kanta da safe, ta durƙusa ta tona gindi ɗaya ta duba saiwar ko tsutsa ce, ba ta ga komai ba, ta miƙe ta kakkaɓe hannu ta ce "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri". Ko faɗa ba ta yi min ba, kuma wannan shirun nata ya fi min ciwo. A shekarar ba ta ɗaure harawa ko dami ɗaya daga wannan gona ba.

Sai da na kai wa wani malamin gona na KTARDA, hukumar aikin gona ta Jihar Katsina, ganyen a leda sannan na gane abin da na aikata. Yana gani ya ce me ka fesa? Na faɗa mishi. Ya ce ai ba sai ya je gonar ba.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma na lura da yawanmu ba mu sani ba, shi ne maganin ciyawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke kashe ciyawar da ta riga ta fito, irin su gilaifoset da ke bin ganye ya sauka har saiwa, da farakwat da ke ƙone duk inda ya taɓa, waɗannan da sun sauka a ƙasa aikinsu ya ƙare. Shi kuwa mai hana tsiro aikinsa a cikin ƙasar yake. Kana fesa shi ya kwanta a sama-sama, danshi ya shigar da shi ɗan ciki daidai inda irin ciyawa ke kwance, ya zauna nan yana jira sati huɗu, shida, wani lokaci fiye. Duk ƙwayar da ta motsa za ta tsiro sai ta sha. Kuma bai san wannan kashin yawo ne wannan waken Inna ne ba. Atarazin ta saiwa yake shiga, ya hau ganye ya hana shi sarrafa abinci daga hasken rana, shi ya sa waken ya fito lafiya tukuna, yana cin guzurin da ke cikin ƙwayarsa ne, da guzurin ya ƙare sai ya fara mutuwa. Masara ita Allah ya yi ta da ikon narkar da shi a jikinta ya zama ba ya mata komai, dawa ma tana jurewa, amma wake, gyaɗa, riɗi, waken suya, kuɓewa, yakuwa, duk ba sa ɗauka.

To kun ga inda matsalar take a wajenmu. Mutumin Funtua ko Bakori ko Dandume zai shuka masara zalla hekta biyar, ƙasarsa ja ce mai nauyi, ruwansa ya fi namu yawa. Mu nan Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango, Baure, jigawa ce, yashi ne, kuma wa ke shuka abu ɗaya a gona? Gero da wake, dawa da gyaɗa, ga riɗi a gefe, ga yakuwa a kan iyaka, ga 'yar kuɓewar mata a gindin gawo. Ƙasa mai laka da ruɓaɓɓen taki tana riƙe maganin ta rage mishi kaifi, yashi ba ya riƙewa, don haka awon da ya yi daidai a can a nan ya yi yawa, in aka yi ruwa mai ƙarfi kuma sai ya zurara da shi ƙasa har inda irin da ka shuka yake. Sannan in fari ya shigo maganin ba ya saurin lalacewa, sai ya daɗe fiye da yadda ake zato. Duk ukun sun haɗu a kaina, ga yashi, ga fari, ga shi kuma na cika hannu wajen awo.

Maganar awo kuwa ita ce ta fi damuna har yanzu. Kowa da gwangwanin madara yake aunawa, wannan ya ce biyu a tanki, wancan ya ce sa uku ya fi kamawa. Alhali a jikin robar an rubuta lita kaza ne a hekta, ba gwangwani kaza a tanki ba. Lissafin ba wuya, a ce hekta ɗaya tana cin ruwa lita 200, famfon goyo kuma lita 16 ne, kenan tanki 12 da rabi. In takarda ta ce lita 4 a hekta, kowane tanki mililita 320 zai ci. Amma fa sai in tafiyarka da bugun hannunka sun yi daidai da lita 200 ɗin, wani yana sauri tanki takwas ya gama hekta, wani yana jan ƙafa sai ya yi ashirin. Abin da malamin ya koya min shi ne in cika famfo da ruwa zalla, in auna fili taku kaza, in fesa da irin tafiyar da na saba in ga nawa ya ci, daga nan in yi lissafina. Kuma a yashi a ɗauki ƙaramin awon da takarda ta faɗa, ba babban ba. Bakin famfo ma akwai na ciyawa mai watsa ruwa a shimfiɗe kamar mafici, ba irin na feshin ƙwari mai hazo ba.

Ban daina amfani da mai hana tsiro ba, kada wani ya ɗauka cewa nake a guje shi. Sati huɗu zuwa shida na farko su ne ciyawa ta fi cutar da shuka, in ka tsallake su da gona mai tsabta ka yi rabin aiki, sai maimai da huɗa kawai. Amma yanzu kafin in sayi komai sai na zauna da Baba da Inna mun tsara me za a sa a ina har ƙarshen damina. Gefen kwari na ware shi masara zalla, nan ne kawai nake fesa irin na masara, kamar Primextra Gold da ya haɗa atarazin da metolakulo, ɗaya ya fi ƙarfi a kan mai faɗin ganye ɗaya a kan mai siririn ganye. Shi wannan haɗin ban kai shi kan gero ko dawa, don metolakulo na iya taɓa su. Inda gyaɗa ko wake zalla ne fendimetalin nake sa wa, wannan mai ruwan ɗorawa da ke rina hannu da riga, shi saiwar ciyawa yake hana wa tsawo. Masu shinkafa a fadama su butakulo suka fi sani. Gonar gero da wake kuwa na bar ta da hauya kamar yadda na taso na gani.

Sai lokacin fesawa. Ana gama shuka, ranar ko washegari, ƙasa da danshi, shuka ba ta huda ƙasa ba. In ka fesa a busasshiyar ƙasa aka yi sati ba ruwa ka yi asarar kuɗinka, rana da iska sun cinye. Masu binne, wato masu shuka tun kafin ruwa ya sauka, sai su kula da wannan sosai. In ciyawa ta riga ta tsiro kafin ka zo shi kaɗai ba zai ishe ka ba. Bayan ka fesa kuma kada ka koma da fartanya ko garmar shanu kana birkita ƙasa, ka yaga shimfiɗar maganin kenan, ciyawa za ta fito ta inda ka buɗe. Kuma kada a sa rai zai yi maganin aya-aya ko kiri-kiri ko tofa, su ba daga iri suke tashi ba, daga 'ya'yan ƙasa da jijiya suke. Ƙuduji ma ba ya jin shi, don shi sai can gero ya girma yake leƙowa, lokacin magani ya gama.

Akwai wani abu da Inna ta nuna min wanda ni ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Gefen da nake fesawa babu tafasa, babu lalo, babu gasaya, babu karkashi. Ni a idona ciyawa ce, ita kuwa kwaɗon rana ne da miyar dare a watan da rumbu ya yi ƙasa sabo bai nuna ba. Ciyawar da yara ke yankowa tumaki da yamma ma daga nan take. Shi ya sa ko a gefen masarar nake barin kamar taku biyar a bakin iyaka ba feshi.

Maganar lafiya ma ba ta wasa ba ce. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana atarazin tun 2004 saboda yadda ake samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, a nan gida ma NAFDAC ta sanar da janye farakwat da atarazin daga kasuwa, amma har yanzu kana ganinsu a shaguna da kasuwannin ƙauye. Mu da muke shan rijiya a cikin yashi mu ya kamata abin ya fi dama. Na sha ganin mai feshi ba takalmi, famfo na ɗiga a gadon bayansa, ya gama ya je bakin rijiya ya wanke tanki, robar maganin kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan alwala. Dan Allah a daina. Takalmin roba, riga mai dogon hannu, a rufe hanci, a fesa da sassafe kafin iska ta taso kada ta kai wa maƙwabci, a yi wanka da sabulu kafin a ci abinci, robar kuma a huda ta yadda ba mai sake zuba komai.

Shi dai matashin jiya ya mayar da atarazin ɗin, mai shago bai ji daɗi ba amma ya karɓa. Na ce mishi ya samu malamin gona na yankinsu da sunan duk abin da zai shuka kafin ya dawo. Inna kuma bara ta samu irin farin waken nata a wajen ƙanwarta da ke aure a Mai'aduwa, ta sake tara shi, yana nan cikin tulu da toka, bana a gonar gero za a sa.