Asabar: mun kashe tsohon domen a ɗakin gwaji

Yau Asabar, ofis ba kowa sai masu sayarwa a shagon gaba, shi ya sa na ware ta don gwajin ƙaurar kwamfutocinmu zuwa sabon tsari. Tun da na idar da asuba na baro Mabera don in riga rana, domin watan Mayu a Sakkwato, in hantsi ya ɗaga, na'urar sanyaya ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogaro da su, da kyar take iya aikinta. Ɗan hidimar ƙasar da aka turo mana ya riga ni zuwa, har ya duba batiran inbata.

Wanga aiki ya daɗe yana cin raina. Kamfaninmu na sayar da taki da iri da maganin feshi, muna da rassa a Illela da Tambuwal, kuma duk kwamfutocinmu suna ƙarƙashin domen ɗaya na Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata da kalmomin sirrinsu da izinin kowa, da ke kan Windows Server 2012 R2. Microsoft ta daina fitar masa da gyaran tsaro na yau da kullum tun 10 ga Oktoba 2023. Ga shi kuma wanda ya kafa shi tun farko ya ba shi suna mai ƙarewa da .local, alhali tun Nuwamba 2015 masu ba da takardar shaidar tsaro ta intanet suka daina ba irin waɗannan sunaye na cikin gida. Don haka muka gina sabon domen a kan Windows Server 2022, da sunan da kamfani ya mallaka da gaske. Saura kwashe jama'a da kayansu zuwa can.

Alhaji mai kamfanin so yake a yi ƙaurar ranar Litinin. Na fahimce shi. Damina ta ƙarato, da ruwan farko ya sauka a Yuni dillalai za su cika ƙofa suna neman NPK da yuriya, ba ya son a taɓa komai a lokacin. Ni ma ba na so. Amma dalilin nasa shi ne dalilina na ƙin yin gaggawa.

Jiya da dare na riga na maido da kwafin ajiya na saba uku a cikin Hyper-V, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya: mai riƙe da tsohon domen, mai rumbun bayanai na SQL Server, da mai manhajar ciniki. Na haɗa su da kwafin sabon domen a kan keɓaɓɓen layi wanda ba ya taɓa katin sadarwar injin ko kaɗan, ba hanyar ofis, ba intanet. Yaron nan ɗan hidimar ƙasa ya tambaye ni me ya sa na tsananta haka, har na sa shi ya sake dubawa da idonsa. Na ce masa abu biyu nake tsoro. In kwafin mai riƙe da domen ya leƙo hanyar ofis, saba biyu ke nan masu suna ɗaya da shaida ɗaya, kowace na cewa ita ce mai gida, kuma gyaran wannan ruɗani ya fi ƙaurar kanta wuya. Na biyun ya fi damuna: manhajar cinikinmu tana aika wa dillalai saƙon tunin bashi ta waya. Kwafin bai san shi kwafi ba ne. In ya samu hanya, sai mutumin da ya biya kuɗinsa shekaranjiya ya ga saƙo ana binsa bashi, ka ɓata da abokin ciniki na shekaru a kan gwaji. Kuma lambobin wayar mutane ne da sunayensu a ciki, amana ce, ga dokar kare bayanai ta 2023 a kanmu. Da mun gama zan goge kwafin gaba ɗaya.

Aikin safe ya tafi lami lafiya. Muka ƙulla amana tsakanin domen biyu, muka gyara DNS, mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta, kowanne ya san inda zai nemi ɗan'uwansa, sannan da ADMT, manhajar Microsoft ta ƙaura tsakanin domen, muka kwashe rukunonin ma'aikata tukuna, sai asusun ma'aikata, sai kwamfuta biyu na gwaji. Ɗaya ta ƙi karɓar kalmar sirri, ashe agogonta ne ya yi baya. Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga domen, ba ya lamuntar saɓanin agogo da ya wuce minti 5. Muka daidaita, ta shiga.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya komai na buɗewa. Yaron ya yi murna, ya ce ai an gama. Ban yarda ba, ga dalili. Windows ba da suna take gane mutum ba, da wata doguwar lamba ce da ake kira SID, kuma izinin kowace jaka da wannan lambar aka ɗaure shi. In ka kai mutum sabon domen, sabuwar lamba zai samu, amma ADMT kan liƙa masa tsohuwar a matsayin tarihi don ƙofofin da ya saba buɗewa su ci gaba da buɗe masa. Ga kuma tsohuwar saba na nan a kunne tana amsa duk wanda ya kira ta. To wane abu ne zai lalace a haka? Gwajin da aka yi tsohon domen na numfashi bai nuna komai ba sai cewa tsohon domen na aiki. Don haka na kashe kwafinsa, na cire tarihin lambar daga asusun gwaji, na ce yanzu a sake.

A nan ne Hajiya mai kula da kuɗi ta iso. Na roƙe ta tun Alhamis ta ba ni awa biyu na hutunta, ta zo da littafinta mai baƙin bango wanda take rubuta matakan rufe wata a ciki. Na ba ta kujerata.

"Injiniya, mi zan yi?"

"Hajiya, abin da kika saba yi ranar talatin ga wata, daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake komai don kina ganin ƙarami ne."

Ta shiga manhaja, ta fitar da rasit, firinta ta buga. Ta shigar da kaya, lafiya. Sai ta buɗe wani fayil na Excel da ban taɓa sanin da shi ba, wanda take haɗa basussukan rassa da shi kafin ta kai wa Alhaji. Layukan da ya kamata su nuna kuɗin Illela suka tsaya a kan alƙaluman watan jiya, sama kuma ga ɗan gargaɗi cewa ba a iya sabunta mahaɗa ba. Ni da na ga lambobi a cike da na wuce. Ita ta sa yatsa a kan allo ta ce, "Wannan ba daidai ba ne, dillalin nan ya rage rabin bashinsa tun farkon wata." Da muka bincika, fayil ɗin yana jawo bayanai ne daga jaka ta cikakken sunan tsohuwar saba, har da .local ɗinsa. ADMT ba ya shiga cikin fayil ɗin mutum ya canza masa wannan.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai duk yinin. Abin da ya mutu ya yi ƙara, kowa zai gani a gyara. Wannan kuwa bai mutu ba, tsohon lissafi yake nunawa cikin natsuwa. Da ranar Litinin muka yi ƙaura, da ƙarshen wata an kai wa Alhaji alƙaluman da ba su ba ne, kuma Hajiya za a tuhuma, matar da ta shekara da shekaru ba a taɓa samun kwabo ya ɓata a hannunta ba. Ina ganin duk mai irin aikina ya kamata ya daina gwada manhajar da ba shi ke amfani da ita ba. Mu iyakarmu mu ga ta buɗe. Mai aikin ne ya san ko abin da ta nuna gaskiya ne.

Bayan azahar muka samo wasu biyu. Aikin da ke kwafe rumbun bayanai kowane dare yana tafiya ne da asusun wani ma'aikacin da ya bar kamfani tuntuni, a tsohon domen, wato ranar da aka kashe shi ajiya za ta tsaya ba wanda zai sani. Sai na'urar ɗaukar hoton takardu, wadda aka rubuta mata tsohon suna da kalmar sirri a cikinta. Duka na rubuta su a takardar gyara, kowanne da wanda zai tabbatar da shi bayan an gyara.

Alhaji ya leƙo bayan la'asar. Na nuna masa fayil ɗin Hajiya, na ce, "Ranka ya daɗe, ko sabon iri aka kawo mana, a ɗan fili muke fara gwada shi kafin mu ce manoma su cika gona da shi." Ya yi shiru, ya tambayi Hajiya ko ta gamsu. Ta ce sai ta sake rufe wata a ɗakin gwaji lambobi sun yi daidai da littafinta. Ya ce to, a ɗaga zuwa mako na sama, amma kada a kai Yuni.

Rassa ne ba zan iya gwadawa a rufaffen layi ba, don ta VPN, keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, suke shigowa kuma layin Illela yakan yi rauni. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan je can da kwamfuta ɗaya, in mayar da ita sabon domen, mai shago ya yi ciniki da ita yini guda sauran na kan tsohon. Tsohon domen na gaske kuma ba zan kashe shi ranar ƙaura ba, zai zauna har Hajiya ta rufe wata ɗaya cikakke a sabon. Gobe da safe zan bi sauran ma'aikata ta waya ɗaya bayan ɗaya, in tambayi kowa wane fayil yake buɗewa da ba a cikin manhaja yake ba.