Jirgin shayi a kan teburin falo

Ƙanina ne ya zo mini da kwalin daga Ingila a watan Agusta, damina ta yi tsaka. Ya je Greenwich da ke Landan ya ga Cutty Sark, tsohon jirgin ruwan dakon ganyen shayi da aka girke a tudu jama'a ke shiga kallo, sai ya tuna da ni da son aikin hannu, ya sayo mini kayan haɗa ƙaramin samfurinsa. "Yaya, ga abin da zai hana ka yawo," in ji shi. Na zaci aikin Asabar da Lahadi ne. Da na buɗe, babu abin da ya yi kama da jirgi: ɗaurin siraran katakai kamar tsinken tsire, allunan da aka yanka siffofi a jikinsu, ƙullin zare baƙi da ruwan ƙasa, da manyan takardun zane. Ma'auninsa 1:84 ne, wato santimita ɗaya a teburina santimita 84 ce a jirgin gaske, idan an gama zai ɗan haura mita ɗaya.

Farkon aikin yaudara ne. Akwai dogon katako guda, ƙashin bayan jirgin, sai haƙarƙarin da ake sossoka masa a tsaye. Cikin kwana biyu na gama, na ɗauki hoto na tura wa ƙanin nawa ina cika baki. Takardar ta ce a goge gefen kowane haƙarƙari da samfefa har ya bi lanƙwasar jikin jirgin. Na ɗan shafa sama-sama na wuce, don ina ɗokin ganin jiki ya rufu.

A nan na gane irin jirgin da na ɗauko. An gina Cutty Sark ne don gudu, saboda a lokacin duk jirgin da ya riga kai sabon ganyen shayi daga Sin zuwa Landan shi ke cin kasuwa. Shi ya sa goshinsa siriri ne kamar bakin wuƙa. An sake shi a ruwa a Dumbarton ta Sikotilan a watan Nuwamban 1869, 'yan kwanaki bayan buɗe mashigin Suwez, wanda ya gajarce wa jiragen tururi hanya suka ƙwace cinikin shayin, har Cutty Sark ya koma dakon gashin tumaki daga Ostireliya. To wannan siririn goshin da ya ba shi suna, shi ya hana ni barci. Katako miƙaƙƙe ba ya yarda ya kwanta a wurin sai an jiƙa shi, an tanƙwara shi, an kuma fiƙe bakinsa, domin katakan da suka baje a cikin jirgin dole su matsu su shige ɗan wurin da ke goshi.

Sai na riƙa jiƙa su a ruwan zafi cikin faranti, in ɗauko ɗaya yana ɗiga, in shafa farin gam na kafintoci, in danne da fil da maƙalan shanya. Uwargida ta nemi maƙalanta ta rasa, ta ce, "Maigida, kayan yara fa a ƙasa zan shanya?" Na rufe ɓangaren dama gaba ɗaya kafin in taɓa na hagu. A ƙarshen Satumba jiki ya rufu sumul, ina ta yaba kaina.

Hunturu ne ya tona mini asiri. Wata safiya a Disamba na yaye ƙyallen da nake rufe shi da shi, sai ga tsaga tsakanin katako da katako, wata har farce na shiga. Na hango shi ta goshi, na ga ƙashin bayan ya karkace zuwa dama kamar ayaba. Na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya jujjuya shi, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ɗanyen katako ka manna. Ai ko ƙofa muka yi da damina, hunturu sai ta ja baya." Katako yana kumbura ne ta faɗinsa idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe. Su da suka rubuta takardar ba su san iskar da ke fasa leɓe da diddige ba. Karkacewar kuwa, ɓangaren da na fara rufewa ne ya bushe ya janyo ƙashin bayan wajensa, ba abin da ya riƙe shi ta ɗaya gefen.

Na ɓamɓare kusan rabin aikin wata biyu. Farin gam yana saki idan aka ɗiga masa ruwan ɗumi aka yi haƙuri, abin da ya cece ni ke nan. Da sufa gulu na sa, da sai dai shara. Wannan karon na goge haƙarƙarin da gaske, ina ɗora katako ɗaya ina duba ko ya kwanta a kan uku a jere ba rata. In jiƙa katako, in tanƙwara shi a jikin butar shayi mai zafi, in maƙale shi a mazauninsa ba gam, sai washegari da ya bushe ya riƙe siffarsa in manna. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Katako huɗu a rana, wani lokaci biyu. Ragowar ƙananan tsagogi na cike da garin katako kwaɓe da gam. Falle na biyu da ake rufe jikin da shi jan katakon sapele ne, wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali. Ya je Turai an yanka shi siriri kamar takarda, ya dawo mini a kwali.

Daɓen sama, ɗakuna da ƙananan kwale-kwalen ceto ba su ba ni wahala ba, aikin reza ne da natsuwa.

Yanzu ina kan igiyoyi, watanni goma sha huɗu da buɗe kwalin. Baƙin zare na igiyoyin da ke riƙe da dogayen turaku uku da ke tsaye a kan jirgin ne, waɗanda a jirgin gaske ake shafa wa kwalta. Ruwan ƙasa kuma na waɗanda ake ja a buɗe ko a naɗe ƙyallayen da iska ke turawa. Zaren yana da gashi-gashi mai kama ƙura, sai na sayo kakin zuma wurin masu sayar da zuma, ina jan kowane zare a kansa kafin in ɗaura. Tsanin igiya da matuƙa ke hawa kuwa ƙulli ne ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, da hantsaki. Idona ba ya ganin ramukan 'yan katakan da ake zura zaren, don haka 'yar autata ce ke zura mini bayan sallar isha'i, naira ɗari kowane goma. Jiya ta ce, "Baba, na turken tsakiya sun fi ƙanƙanta, sai ka ƙara."