Daga 504 ɗin Baba zuwa 406 ɗina

A kan Fijo 504 ɗin Baba na koyi tuƙi, wata fara haɗin Kaduna. A 1968 Faransa ta fito da ita, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Daga 1975 aka fara haɗa ta a Kakuri da ke Kaduna, kuma can gida an daɗe da daina yin ta amma Kaduna ba ta daina ba har bayan 2000.

In ka ɗaga bonet ɗinta komai a fili yake. Ga kafireta mai gauraya mai da iska, ga kwantak mai ba da wuta, ga lagireto mai sanyaya inji. In ta yi gardama da safe, Baba ya goge kwantak da sanfefa, ya cire jet, wato ɗan bututun mai na kafireta, ya busa da baki, sai ka ji ta tashi. Ruwan randa yake ɗura mata a lagireto. Ƙafar baya ke tura ta, haka ma 505 da ta biyo baya a 1979.

406 kuwa, wadda ta fito a 1995, wata halitta ce daban: ƙafar gaba ke ja, injekta mai fesa wa inji mai ta maye gurbin kafireta, kwamfuta ke auna mai. Na sayi tawa 'yar Kwatano, na kama riƙonta irin riƙon Baba. Ruwan rijiya nake zuba mata. Wani bakanike ya ce mini, "Alhaji, tamostat ai na ƙasar sanyi ne," na bari ya cire wannan abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fankar lagireto kai tsaye.

A hanyar Zariya, daf da Jaji, fankar ta gaji ta tsaya. Ina kallon allurar zafin inji tana hawa ja, na ce bari dai in lallaɓa in ƙarasa gari. Ban ƙarasa ba. Gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, iyalina suka yi la'asar a gindin maina, ni kuma washegari na wuni a Fanteka neman kan inji.

Tun daga ranar ruwan sanyaya inji na galan nake saya, tamostat ya koma mazauninsa, kuma ba mai kwance mini ko noti sai an jona na'ura ta faɗi ciwon. Bel ɗin taimin ma, mai daidaita juyin inji, ina rubuta ranar da aka canja shi a bayan littafin mota, abin da Baba bai taɓa yi ba, don tasa sarƙa gare ta.